Tsofaffin majami'un jihar Virginia da dayosis ɗin cocin Episcopal: tambayoyi da amsoshi

A jihar Virginia da ke gabashin Amurka ne Turawan Ingila suka kafa mazauninsu na farko da ya ɗore a wannan nahiya, a 1607, kuma da cocinsu suka sauka. Majami'un da aka gina kafin ƙasar ta sami 'yancin kai, kusan hamsin suna tsaye har yau, yawancinsu na jan bulo. Wanda ya bi tarihinsu zai ga rigima ɗaya ce take ta dawowa da sabon kaya: wa ke da ikon ginin da filin da yake kai? Gwamnati, dattawan gari, bishop, ko jama'ar da ke sujada a ciki?

Wane coci ne Episcopal? Ɗaya suke da Angilikan da muka sani?

Gida ɗaya ne. Kafin 1776 sunansa Cocin Ingila, kuma duk limamin da aka naɗa sai ya yi rantsuwar biyayya ga sarkin Ingila. Da aka yi yaƙi aka rabu da sarki, wannan rantsuwa ta gagara, sunan ma ya zama kaya. Sai suka sake tsari a 1789, suka gyara littafin addu'o'insu, suka cire addu'ar da ake yi wa sarki suka sa ta shugaban ƙasa, suka koma amsa sunan Episcopal, wato cocin da bishop-bishop ke jagoranta. Har gobe suna cikin ƙungiyar Angilikan ta duniya, wadda Cocin Najeriya ma yake ciki. Wanda ya saba da sujada a Wusasa ko Kaduna zai gane tsarin: karatu daga Littafi Mai Tsarki, zabura, wa'azi, jibin Ubangiji. Dangantakar cocin biyu dai ta yi tsami, za mu zo nan.

Dayosis kuwa shi ne yankin da bishop ɗaya yake riƙe da shi, da dukan majami'un da ke ciki.

Wace majami'a ce ta fi tsufa?

Ya danganta da abin da kake nufi da tsufa, kuma kowane gari yana jan ruwa zuwa gonarsa.

Idan wurin da aka fara sujada ne, Jamestown ne. Waɗanda suka sauka a watan Mayun 1607 suna tare da limami mai suna Robert Hunt. Tsohon filafilan jirgin ruwa suka ɗaura tsakanin bishiyoyi don inuwa, suka zauna a kan gumagumai. Majami'ar katako ta farko ta ƙone a Janairun 1608. A wadda aka sake ginawa ce aka ɗaura auren Pocahontas, 'yar sarkin ƙabilun Powhatan, da manomin taba John Rolfe a 1614, kuma sai a 2010 masu tonon tarihi suka gano ramukan ginshiƙanta. A wata majami'ar da aka gina bayanta ce majalisar dokokin Virginia ta yi zamanta na farko, ranar 30 ga Yuli 1619. Daga duk wannan zamani, hasumiyar bulo ɗaya ce kawai ta rage a tsaye. Ginin da ke jingine da ita na 1907 ne, na tunawa, kada ya ruɗe ka.

Idan ginin da ke tsaye cikakke kake nufi, St. Luke's ce, kusa da garin Smithfield. Mutanen wurin sun daɗe suna cewa 1632 aka gina ta, masana gine-gine kuma suna cewa sai wajen 1680 da 'yan kai. Hujjar masanan ta fi ƙarfi. Ko da ta masanan aka ɗauka, ita ce mafi tsufa a cikin majami'un bulo na jihar.

Idan kuma ikilisiyar da ba ta taɓa watsewa ba ce, St. John's ta garin Hampton tana ƙirga shekarunta daga 1610, ko da yake gininta na yanzu na 1728 ne. Suna da kwanonin azurfa na jibin Ubangiji da aka ƙera a Landan a 1618.

An ce cocin ya yi shekara 183 babu bishop. Yaya aka yi?

Haka ne, daga 1607 zuwa 1790. Ingila ba ta taɓa aiko bishop ko ɗaya zuwa yankunan da take mulka a Amurka ba. A takarda Virginia tana ƙarƙashin Bishop na Landan, mutumin da bai taɓa taka ƙasar ba. Abin da ya iya yi shi ne naɗa wakili. Wanda ya fi shahara a cikinsu, James Blair, ya riƙe muƙamin daga 1689 har mutuwarsa a 1743, kuma shi ya kafa kwalejin William da Mary a 1693. Amma wakili ba ya naɗa limami. Duk saurayin da yake son limanci sai ya hau jirgin ruwa ya haye Tekun Atalantika zuwa Landan a ɗora masa hannu, ya dawo in da sauran kwana.

Da babu bishop, iko ya faɗa hannun dattawa. Kowace gundumar coci tana da kwamitin mutum goma sha biyu, kusan dukansu manyan masu gonaki da bayi. Daga 1662 ba a zaɓensu. Idan ɗaya ya mutu, sauran su ɗauko wanda suke so. Su ke yanka harajin coci a kan kowane gida, su ke ba da kwangilar gini, su ke kula da marayu da gajiyayyu, kuma duk shekara huɗu su tura mutane su zagaya iyakokin gonaki don a rage rigimar ƙasa. Rabin aikin ƙaramar hukuma ke nan. George Washington da maƙwabcinsa George Mason duk sun zauna a irin wannan kwamiti, na gundumar Truro.

Limami fa? Doka ta ce idan dattawa suka miƙa sunansa ga gwamna ya tabbatar da shi, ya zauna ke nan har mutuwa. Sai dattawan suka gano dabara: su ƙi miƙa sunan, su riƙa ɗaukarsa shekara-shekara. Limamin da ya san a ƙarshen shekara za a iya sallamarsa, ba zai tsaya a mumbari ya taɓa masu biyansa ba. Shi ya sa da aka taso da maganar a kawo bishop a 1771, majalisar dokokin Virginia da kanta ta gode wa limaman da suka ƙi amincewa. A ganina wannan ɗabi'a, ta cewa majami'a ta masu gina ta ce, ita ce mabuɗin kusan duk abin da ya biyo baya.

Da gaske da taba ake biyan limamai?

Da gaske. Tsabar kuɗi ta yi ƙaranci, ganyen taba shi ne kuɗin ƙasar. Doka ta yanka wa limami laba 16,000 na taba a shekara, sama da tan bakwai ke nan, ga gida da gandun noma. Wanda ya yi wata guda bai leƙa sujada ba babu dalili, tararsa sule biyar ko laba hamsin na taba.

Matsalar ita ce farashin taba hawa yake yana sauka. A 1758 damina ta ƙi, taba ta yi tsada, laba ta doshi sisi. Majalisa ta yi doka cewa a wannan shekarar a biya limamai da kuɗi, kwabo biyu kowace laba. Limamai suka ce a shekarun araha babu wanda ya ƙara musu, don me za a rage musu a shekarar tsada? Suka kai kuka Landan, sarki ya soke dokar. Wani limami, James Maury, ya shigar da ƙara a gundumar Hanover yana neman cikon haƙƙinsa, kotu ta ce yana da gaskiya. Saura a faɗi nawa za a biya shi.

A nan ne, a Disambar 1763, wani lauya ɗan shekara 27 da ba a san shi ba, Patrick Henry, ya miƙe. Mahaifinsa ne ma yake shugabantar zaman kotun. Ya bar maganar lissafi, ya afka wa limamai da cewa makwaɗaita ne, ya ce sarkin da ke soke dokar da ta amfani talakawansa ya zama azzalumi. Masu taya alƙali yanke hukunci suka fita, ba su jima ba suka dawo: a biya Maury kwabo ɗaya. Bayan shekara goma sha ɗaya da 'yan watanni, ranar 23 ga Maris 1775, Henry ɗin nan ne ya tsaya a cikin majami'ar St. John's ta Richmond ya yi jawabin da ya ce ko 'yanci ko mutuwa. Taron wakilan Virginia ne, kuma an yi shi a majami'a ne saboda babu wani ɗaki a garin da zai ɗauke su. Kalmomin jawabin kamar yadda ake haddace su yau, shekaru da dama bayan haka aka tattaro su daga bakin waɗanda suka halarta.

Idan na shiga ɗaya daga cikinsu, me zan gani?

Ka je Christ Church da ke gundumar Lancaster, domin ita ce kusan ba a taɓa ba tun da aka gama ta a 1735. Attajiri ɗaya ne ya biya kuɗin ginin, Robert Carter, wanda saboda yawan ƙasarsa da bayinsa ake masa laƙabi da Sarki. Kabarinsa yana nan a waje, jikin bangon gabas. Kaurin bango ya kusa mita ɗaya. Ka matsa kusa ka dubi jerin bulon: ɗaya a kwance ta tsawo, na gaba an juyo kansa, haka har sama, layi bayan layi.

A ciki babu benci a jere. Ɗakuna ne na katako marasa rufi, kowanne da ƙofarsa, bangonsa ya kai kafaɗar mutum. Idan iyali suka shiga suka zauna, ba su ganin kowa, kowa ba ya ganinsu, sai mai wa'azi da ke can sama. Mumbarin hawa uku ne. A ƙasa magatakarda ke zama yana ja wa jama'a amsoshi, a tsakiya limami ke karanta addu'a da nassi, idan lokacin wa'azi ya yi ya hau na ƙoli, inda aka rataya wani faifan katako a bisa kansa don ya maido da murya ƙasa. Babu gumaka, babu gilasai masu launi. Tagogi farare ne manya, don a ga karatu. A bangon gabas, bayan teburin jibi, alluna ne da aka rubuta Dokoki Goma.

Wurin zama ma magana ne. Dattawa ke raba ɗakunan, mai arziki a gaba, talaka a baya. A Bruton ta Williamsburg, wadda aka gama a 1715 bisa zanen gwamna Alexander Spotswood, gwamnan yana da kujerarsa ta musamman mai rumfa, daura da mumbari.

Me ya sami cocin bayan 'yancin kai?

Ya kusa mutuwa. Kafin yaƙin, hukuma ta sha kulle masu wa'azin Baptis saboda wa'azi babu lasisi, kuma su da 'yan Presbyterian suna biyan harajin cocin da ba nasu ba. Da dama ta samu, ba su yi sanya ba. An dakatar da harajin albashin limamai a 1776, aka soke shi a 1779. A 1786 aka zartar da dokar 'yancin addini wadda Thomas Jefferson ya rubuta, James Madison ya tura ta a majalisa: ba za a tilasta wa kowa halartar sujada ko biyan kuɗin wani coci ba. A 1802 kuma majalisa ta ce gandayen limamai da harajin kowa aka saye su, don haka idan limami ya mutu ko ya tashi, a sayar da gonar.

Abin lura, yawancin waɗanda suka yi wannan aiki 'ya'yan cocin ne da kansu.

Majami'u da yawa suka zama kufai. Wasu aka kwashe bulonsu aka yi gini, wasu 'yan Methodist da Baptis suka shiga suka ci gaba da sujada. Majami'ar Mattaponi, alal misali, ginin Angilikan ne na zamanin mulkin Ingila, amma yau ta Baptis ce. Christ Church ta Alexandria ta tsira da gandunta ne saboda a lokacin garin yana cikin yankin babban birnin tarayya, kuma Kotun Ƙolin Amurka ta goyi bayanta a 1815.

An kafa Dayosis ɗin Virginia a Richmond a 1785. Wanda aka fara zaɓa bishop, David Griffith, bai samu kuɗin jirgin zuwa Ingila ba, har ya haƙura ya ajiye. Wannan kaɗai ya isa ya nuna yadda dattawa suke ɗokin samun bishop. Sai a 1790 aka keɓe James Madison a Landan, ɗan'uwan wancan Madison ɗin da ya zama shugaban ƙasa. Farfaɗowar ta zo ne a hannun bishop na biyu da na uku, Richard Channing Moore daga 1814 da William Meade daga 1841, da kuma makarantar horar da limamai da aka buɗe a Alexandria a 1823.

Dayosis nawa ne yanzu?

Uku a cikin jihar, na huɗu kuma a maƙwabciya. Dukansu daga uwa ɗaya suka fito. West Virginia ta ɓalle ta zama jiha a 1863 lokacin yaƙin basasa, cocinta ya samu dayosis ɗinsa a 1877. A 1892 aka yanke kudanci aka yi Dayosis ɗin Kudancin Virginia, a 1919 kuma aka yanke yankin duwatsu daga jikinsa aka yi na Kudu maso Yamma, mai hedikwata a Roanoke. Dalilin bai wuce nisa ba: bishop ɗaya ba zai iya zagaya wannan ƙasa a kan doki da jirgin ƙasa ba.

Wani abin ban dariya: Jamestown da Williamsburg da Hampton da St. Luke's, wato wuraren da suka fi tsufa, duk sun faɗa ɓangaren Kudu. Dayosis ɗin da ya riƙe tsohon suna, mai ofis a Richmond, ya tashi da arewaci da tsakiya, inda yawan jama'a da kuɗi suke, musamman unguwannin da ke kewaye da birnin Washington. Yana cikin mafiya girma a duk cocin Episcopal.

Ina babbar majami'ar bishop take?

A kan dutse, kuma ba ta da rufi. Mutanen Virginia ba su taɓa son babban gini mai nuna isar bishop ba. Abin da Dayosis ɗin Virginia yake kira babbar majami'arsa wani wurin sujada ne a fili, a Orkney Springs cikin kwarin Shenandoah, da aka gina da duwatsun wurin aka keɓe shi a 1925. Akwai bagade da hasumiyar ƙararrawa, jama'a kuma suna zama a ƙarƙashin bishiyoyi.

Katafariyar majami'ar nan ta birnin Washington da ake jana'izar shugabanni a ciki, ita ma ta Episcopal ce, amma ta Dayosis ɗin Washington ce, wanda aka ciro daga Maryland. An aza harsashinta a 1907, aka gama a 1990.

Ina bayi suke a wannan labari?

Suna cikin kowane bulo. A 1619, shekarar da majalisa ta fara zama a majami'ar Jamestown, aka sauke 'yan Afirka na farko a Point Comfort, bakin garin Hampton na yau. Harajin coci bisa kawunan ma'aikata ake ƙirga shi, har da bayi, kuma tabar da ake biyan limami su suka noma ta. Limamai da yawa sun mallaki bayi, wasu gundumomin coci ma haka.

Da aka fara tambaya ko bawan da aka yi wa baftisma ya zama ɗa, majalisa ta rufe ƙofar a 1667: baftisma ba ta canza matsayin bawa. Daga nan aka riƙa yi musu baftisma hankali kwance, a zaunar da su a bene ko a can baya. Ba mamaki da aka 'yanta bayi a 1865 yawancinsu suka nufi cocin Baptis da Methodist inda za su riƙe nasu da kansu.

Waɗanda suka zauna sun yi aiki. James Solomon Russell, wanda aka haifa bawa a 1857, ya zama limami, ya kafa makarantar St. Paul's a Lawrenceville a 1888, wadda ta zama kwaleji ta rayu har 2013. An horar da shi a Petersburg, a wata makarantar limamai ta baƙaƙe zalla da aka buɗe a 1878 don kada su shiga ta Alexandria. An raɗa mata sunan John Payne, bishop ɗin da ya yi aikin mishan a Laberiya. Sai a 1953 aka haɗe makarantun biyu. A 2019 makarantar Alexandria ta ware dala miliyan 1.7 don biyan jikokin baƙaƙen da suka yi mata aiki a zamanin bauta da na wariya, a 2021 kuma Dayosis ɗin Virginia ya amince da dala miliyan 10 don irin wannan. Idan aka auna da shekara ɗari biyu da rabi na aikin banza, kuɗin ba su taka kara sun karya ba. Amma an fara neman sunayen mutanen a tsofaffin littattafan lissafi, wanda da ba a yi.

Yaƙin basasa ya taɓa gine-ginen?

Sosai, domin a Virginia aka fi gwabzawa tsakanin 1861 da 1865. Sojojin Arewa sun mai da Pohick, majami'ar George Washington, bargar dawaki, kuma sunayen da suka kankare a jikin dutsen ƙofa suna nan. Bruton da makarantar Alexandria sun zama asibiti. St. John's ta Hampton ta ƙone a 1861 lokacin da sojojin Kudu suka cinna wa garin wuta, bango kawai ya rage. A 1862 an kama wani limami a tsakiyar sujada a St. Paul's ta Alexandria saboda ya tsallake addu'ar da ake yi wa shugaban Amurka. Ranar Lahadi 2 ga Afrilu 1865 kuma, Jefferson Davis, shugaban 'yan awaren Kudu, yana zaune a St. Paul's ta Richmond aka miƙo masa saƙon Janar Robert E. Lee cewa a bar birnin. Ya tashi ya fita ana cikin sujada.

Dayosis-dayosis na jihohin Kudu sun kafa nasu cocin lokacin yaƙin, suka dawo a 1865 da 1866 ba tare da dogon rikici ba. Ƙurar dai ba ta kwanta ba. A 2017 wata majami'a a Lexington ta cire sunan Lee ta koma tsohon sunanta Grace, Christ Church ta Alexandria kuma ta yanke shawarar cire allunan tunawa da Lee da Washington daga cikin ɗakin sujada, su biyun tare.

Me ya kawo Najeriya cikin maganar?

A 2003 cocin Episcopal ya keɓe Gene Robinson bishop na New Hampshire, mutumin da ke zaune a fili da abokin zamansa namiji. Bishop na Virginia a lokacin, Peter Lee, ya ba da amincewarsa. Wasu manyan ikilisiyoyi a arewacin jihar suka ce wannan ya saɓa wa nassi, kuma ba za su ci gaba da zama a ƙarƙashinsa ba. Amma ɗan Angilikan ba ya zama babu bishop. Suna bukatar wanda zai karɓe su.

Cocin Najeriya, ƙarƙashin Akbishop Peter Akinola, ya riga ya yanke hulɗa da na Amurka, kuma yana da wata ƙungiya mai suna CANA da aka fara don 'yan Najeriya mazauna can. A Agustan 2006 aka keɓe limamin ikilisiyar Truro, Martyn Minns, bishop a Abuja. A Disambar shekarar, Truro da The Falls Church da wasu ikilisiyoyi suka kaɗa ƙuri'a, a manyan biyun kusan kashi 90 cikin ɗari suka zaɓi ficewa. A Mayun 2007 Akinola ya je Virginia da kansa ya ɗora Minns a kan kujera, duk da cewa Akbishop na Canterbury, jagoran ƙungiyar Angilikan ta duniya, da shugabar cocin Episcopal sun rubuta masa kada ya je. Hujjarsu ita ce bishop ba ya shiga yankin wani bishop. Tasa hujjar ita ce waɗanda suka bar koyarwa ba su da bakin kafa wa wani iyaka.

Sai ga The Falls Church, majami'ar da aka gama a 1769, wadda gari guda ya ci sunanta, wadda Washington ya zauna a kwamitin dattawan gundumarta, tana amsa wa Abuja.

Wa ya ci shari'ar gine-ginen?

Dayosis, amma bayan shekara bakwai da miliyoyin daloli. Waɗanda suka fice sun ce kakanninmu suka gina, mu muke gyara rufi, sunan amintattunmu ne a takardar fili. Sun kuma jingina da wata dokar jiha ta 1867, wadda ta ce idan coci ya rabu, masu rinjaye a ikilisiya su zaɓi reshen da za su bi da dukiyarsu. Dayosis ya ce mutum yana iya fita, ikilisiya ba ta fita, kuma tun 1979 dokar cocin ta ce duk kadarar ikilisiya amana ce da ake riƙe wa dayosis da cocin ƙasa.

A 2008 alƙalin gundumar Fairfax ya ba masu ficewa gaskiya. A 2010 Kotun Ƙolin jihar ta rushe hukuncin, ta ce CANA ba reshen cocin Episcopal ba ne a ma'anar waccan doka. A Janairun 2012 alƙalin farkon ya sake zama, ya ba dayosis gine-ginen ikilisiyoyi bakwai. The Falls Church ta ɗaukaka ƙara, ta faɗi a 2013, a 2014 kuma Kotun Ƙolin Amurka ta ƙi sauraro.

Sakamakon ya zo bambaraƙwai. 'Yan tsirarun da suka zauna a Episcopal suka koma tsohon ginin da ya fi ƙarfinsu, dubban da suka fice suka yi shekaru suna sujada a zauren makarantu na haya, kafin su buɗe sabuwar majami'arsu a 2019. Truro ta daidaita da dayosis ta ci gaba da zama a gininta a matsayin 'yar haya. Ikilisiyoyin ba su daɗe a hannun Najeriya ba: an kafa sabon cocin Angilikan na Arewacin Amurka a 2009, suka shiga dayosis ɗinsa na yankin a 2011. Don haka yau a gari ɗaya za ka ga allo biyu, ɗaya Episcopal ɗaya Angilikan, kowanne yana cewa shi ne magajin tsohuwar ikilisiyar.

Wa ke naɗa bishop a can?

Zaɓe ake yi. Limamai da wakilan jama'a na dayosis su taru su kaɗa ƙuri'a, kowane ɓangare daban, kuma sai mutum ya sami rinjaye a duka biyun. Daga nan sai yawancin sauran dayosis na ƙasar sun amince. Babban taron cocin yana zama duk shekara uku da majalisu biyu, ta bishop-bishop da ta wakilai. An amince da naɗa mata limamai a 1976, kuma Kudancin Virginia ya keɓe mace, Susan Haynes, bishop ɗinsa a 2020. Mabiya cocin a duk ƙasar sun haura miliyan uku a shekarun 1960, yanzu suna wajen miliyan ɗaya da rabi.

Wanda ba Kirista ba zai iya shiga ya gani?

Zai iya. St. Luke's da Christ Church ta Lancaster gidauniyoyi ne ke kula da su kamar gidan tarihi, akwai masu zagayawa da baƙi. Bruton da Pohick da Christ Church ta Alexandria ikilisiyoyi ne masu rai, don haka ranar Lahadi da safe sujada ake yi, gara ka je tsakiyar mako. A St. John's ta Richmond 'yan wasa kan sa tufafin da su maimaita muhawarar 1775 a ranakun Lahadi na lokacin zafi. Mai kwana ɗaya ya haɗa Jamestown da Williamsburg, tafiyar 'yan mintuna ce a mota, sannan ya hau jirgin fito ya haye kogin James ya nufi Smithfield. Idan hanya ta kai ka Norfolk, ka tsaya a St. Paul's ta 1739 ka ɗaga kai ka dubi kusurwar bango: akwai harsashin igwa da jiragen yaƙin Ingila suka harba ranar 1 ga Janairu 1776. Ya faɗo ƙasa, daga baya aka tono shi aka mayar da shi raminsa aka liƙe.